Dukiyar da ta nutse a teku: ta wanda ya tsamo ce ko ta wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji labarin wani kamfanin Amurka da ya kashe maƙudan kuɗi ya tsamo tsabar azurfa da zinariya daga jirgin ruwan da ya shekara sama da 200 a ƙarƙashin teku, amma kotu ta karɓe ta ba ƙasar Sifaniya. Ni dai a ganina an zalunce su. Abin da mai shi ya bari shekaru aru-aru ba tsintuwa ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne. Sunan jirgin Nuestra Señora de las Mercedes, na rundunar ruwan Sifaniya ne, jiragen yaƙin Birtaniya suka nutsar da shi a 1804 kusa da gaɓar Fotugal, mutum sama da 200 suka halaka. A 2007 kamfanin Odyssey Marine Exploration ya kwaso tsabar kuɗi kusan 600,000, nauyinsu wajen tan 17, ya ɗora a jirgin sama daga Jibralta zuwa Filorida. Sifaniya ta kai ƙara, ta yi nasara, a Fabrairun 2012 jiragen saman sojanta biyu suka kwashe dukiyar zuwa gida. Kamfanin bai samu ko ƙwandala ba.

Inda kalmar tsintuwa ta ruɗe ka shi ne, dokar teku hanya biyu take bi. Akwai dokar ceto: ka tsamo kayan wani daga halaka, kayan nasa ne har gobe, kai kuma kotu ta yanka maka lada gwargwadon wahalarka da haɗarin da ka shiga. Akwai dokar tsintuwa, wadda ke mallaka wa wanda ya samu, amma sai an tabbatar mai abu ya sallama shi. Daɗewa kaɗai ba sallamawa ba ce. Wanda bai da na'urar da za ta kai shi ƙasan teku bai yafe kayansa ba, ƙarfinsa ne bai kai ba.

Sai kuma babban lamari: jirgin yaƙi yana da rigar kariya ta ƙasarsa, ko da ya ruɓe a ƙasan ruwa. Ba a taɓa shi sai da izinin ƙasar da tutarta ke kansa. Da wannan Sifaniya ta kayar da Odyssey. Kotun Amurka ta ce ba ta da hurumin hukunci a kan jirgin yaƙin wata ƙasa, kuma ba a raba jirgi da kayan cikinsa. Kamfanin ya kawo hujjar cewa yawancin kuɗin na 'yan kasuwa ne da suka ba da sufuri, hujjar ba ta karɓu ba.

Za ka ce to ai Mel Fisher, Ba'amurken nan mai farautar dukiyar ƙarƙashin teku, ya ci nasa. Haka ne. Ya shekara 16 yana neman Atocha, jirgin Sifaniya da guguwa ta nutsar a 1622, har ya rasa ɗansa a cikin neman, ya dace da tarin dukiyar a 1985. Amma da hukumomin Amurka ya yi shari'a, Sifaniya ba ta shigo ta ce nata ne ba a wancan lokaci. Yanzu ta farka.

Ni ban ga zalunci a kan kamfanin ba, kuma zan gaya maka dalili. Jirgin da ya nutse da mutane maƙabarta ce, kuma kundin tarihi ne. Inda kowane tulu da kowace igwa suke kwance yana gaya wa masana yadda mutanen suka rayu da yadda suka mutu. Mai neman riba zinariya yake hanƙoro, sauran ya watsar, kuma abin da aka hargitsa ba ya sake haɗuwa. Shi ya sa yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ɗauki abin da ya shekara 100 a ƙarƙashin ruwa a matsayin gadon tarihi, ta hana cinikinsa. Matsalarta ita ce Amurka da Birtaniya ba su shiga ba.

Idan zalunci kake nema, ga inda yake. A shari'ar Mercedes, Peru ma ta shigo, domin a Lima, babban birninta, aka buga yawancin kuɗin. Aka sallame ta hannu rabbana, aka miƙa wa Sifaniya komai saboda rigar kariyar jirginta, ga shi kuma a 1804 Peru tana ƙarƙashin mulkin mallakar Sifaniya. Ka ga mulkin mallakar da ya kwashe arzikin shi ne kuma ya zama hujjar riƙe shi.

Dubi San José, wani jirgin Sifaniya mai ɗauke da dukiya, wanda Birtaniya ta nutsar a 1708 kusa da Kartahena ta ƙasar Kolombiya da mutum kusan 600. Kolombiya ta sanar da gano shi a Disambar 2015, ta ce a ruwanta yake. Sifaniya ta ce jirgin yaƙinta ne. Kamfanin Sea Search Armada na Amurka ya ce shi ya fara gano wurin tun farkon shekarun 1980, ya nemi a biya shi dala biliyan 10. Sai al'ummar Qhara Qhara ta Bolibiya, waɗanda suka ce kakanninsu aka tilasta wa haƙar azurfar a dutsen Potosí, inda mutane ba adadi suka mutu a ramuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne yake ci mini rai, domin dokar teku ta san tuta, ta san iyakar ruwa, ta san mai ceto, amma ba ta tanadi gurbin wanda ya haƙo azurfar da hannunsa ba. Cikin masu jayayyar huɗu, su kaɗai ne dokar teku ba ta ba su abin riƙewa ba.