Yaya, Ga Amsar Maganar Keken Nan

Yaya, na ga saƙonka bayan hoton da na tura ranar Juma'a. Ka ce shekara 19 a Turai amma har yanzu keke nake hawa, ko dai zaman bai karɓe ni ba ne nake ɓoye muku. Na san tausayi ne ya sa ka faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai kwana biyu.

A nan Holan kekuna sun fi mutane yawa, sun haura miliyan 22 alhali jama'ar ƙasar kusan miliyan 18 ne. Mark Rutte, da ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, sau da yawa a keke yake zuwa ofis. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai ma'ajiyar da ke cin keke 12,500. Kuma ba haka suka taso suka tarar ba. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga matsalar man fetur ta 1973, daga nan hukuma ta duƙufa ware wa keke hanyarsa, da jar kwalta da danjarsa daban.

Ni ma da na samu wuri mota na fara saya, don a ji a gida cewa na saya. Shekara huɗu ina biyan inshora da haraji da kuɗin ajiya, ga wurin aikina kilomita 6 kacal. Kullum ina cikin cunkoso maƙwabcina dattijo ya wuce ni yana taka feda, ya riga ni isa. Na zauna na yi lissafin nisa, da lafiyar hanya, da inda zan ɗaure shi, na sayar da motar. Wahala akwai ta. Ruwan sama ba ya sallama, iskar hunturu kuma idan ta tare ka gaba sai ka ji kamar ana jan rigarka ta baya. An sace min keke biyu kafin na koyi sa kwaɗo biyu, ɗaya a tayar baya, ɗaya da sarƙa a jikin ƙarfe. Ka hau da dare ba fitila, tara ce.

Inda ya fi min ciwo shi ne da ka ce har uwar yara da 'yarmu Hajara ma na bari suna hawa, wai mun zama Turawa. Yaya, da ka ga yadda suke hawa. Keken mata ba shi da ƙarfen tsakiya, kacarsa a rufe take, ga kariya a tayar baya don kada tufafi su shiga. Da hijabinta da doguwar rigarta uwar yara take kai ƙaramin yaronmu makaranta, ba ta jiran kowa, ba ta cakuɗa da maza a bas. Matan 'yan'uwanmu da yawa a nan suka koya da girmansu. Har wanda ya auri 'yar ƙasa a cikinmu, 'ya'yansa a keke suke zuwa islamiyya ranar Asabar tare da namu, su durƙusa su gaishe ni da Hausa. Hausarsu na da gargada, na yarda, amma ba keke ne ya jawo ba.

Ka tuna Raleigh ɗin Baba? Kullum bayan asuba sai ya goge shi da tsumma har ƙararrawa, ya ɗora ka a kariya ni a gaba, ya tattare babbar riga a cinya. Wa ya taɓa raina shi? Ni ma haka nake tattare tawa in zan tafi masallaci, kuma duk ranar da na yi sai ya faɗo min. Shi ya sa nake jin ba daɗi idan aka kira daga gida ba a tambayi karatun yara ba, sai wace mota nake ja.

Ban ce kai ma ka hau ba, don hanyar da babu inda aka ware wa mai keke, ga manyan motoci, ga rana, lissafinta daban ne. In Allah ya kawo ka da bazara, akwai keken Hajara na da a ɗakin ajiya, zan sa masa iska in ɗaga sirdin daidai tsayinka.