Jari, Uwar Kuɗi da Zanen Aro

Wani ɗalibin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Gombe ya aiko da tambaya kan bambancin jari da uwar kuɗi, da kuma karin maganar da ta dace da kuɗin ƙetare masu shigowa Najeriya su sake ficewa.

Uwar kuɗi ita ce asalin abin da aka zuba kafin riba ta hau, shi ya sa ɗan kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe wanda ya ɓoye masara da kaka, farashi ya karye masa, yake cewa ya tashi ba uwa ba riba. Jari ya fi ta faɗi, domin ya haɗa kuɗi da injuna da gine-gine da duk abin da ake juyawa don samun ƙari.

Jarin ƙetare kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake girkewa, kamar masana'antar siminti ta Ashaka wadda aka kafa da hannun Turawan Ingila, kuma ba a ɗauke irinsa dare ɗaya. Akwai kuma wanda ke sayen takardun bashin gwamnati da hannayen jari, wanda a ganina sunan kuɗin ci-rani ya dace da shi, tun da riba kawai yake bi, kuma da zarar babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa sai ya tattara ya koma gida. Wani masanin tattalin arziki mai suna Guillermo Calvo ya yi nazarin yadda shigowar irin wannan kuɗi ke tsayawa cak, kamar yadda ya faru a Meziko a 1994 da Tailan a 1997, inda darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, kasuwa ta mutu bayan shekarun bunƙasa.

Karin maganar da ta dace ita ce "zanen aro ba ya rufe katara". Katara ita ce saman cinya, kuma abin nufi shi ne mai abu yana iya karɓar kayansa a lokacin da aka fi bukatarsa. Haka Najeriya ta gani lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016: masu kuɗin suka janye, dala ta yi wuya, tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya a shekarar 2016.