Amsa: A ina Japanawa manoma a Barazil suka riƙa samun rance?

Malam, ka tambaya ko bankunan Barazil ne suka ba Japanawan nan jarin noma. A'a, da farko su suka tallafi junansu. Rukunin farko ya sauka a tashar Santos a 1908 don ƙwadago a gonakin kofi, ba gona ba kadara, balle abin jingina. Sai suka koma ga tanomoshi, wato adashi irin nasu, daga nan ƙungiyoyin manoma suka biyo. Ta garin Cotia da ke kusa da birnin São Paulo, wadda masu noman dankalin turawa suka kafa a 1927, ta riƙa sayo taki a dunƙule tana kai amfanin gona kasuwa. Bankinsu na kansu, Banco América do Sul, sai 1940 aka buɗe shi a São Paulo.

Sharaɗin irin wannan tallafa wa juna shi ne sanayya. Na yi aiki da ƙungiyar manoma, kuma na ga yadda mutum ke biyan bashi saboda kunyar maƙwabcin da ya tsaya masa. Idan ƙungiya ta yi girman da membobi ba su san juna ba, wannan kunyar kan ragu, shi ya sa nake tsoron saurin faɗaɗa. Ita kanta Cotia bashi ne ya durƙusar da ita a 1994.