Yaya, jitar Abba ba ta roƙo ba ce

Yaya barka da war haka, na ga saƙonka kan bidiyon Abba da jita, wai ko barinsa muka yi ya zama maroƙi. Wallahi ban ji haushi ba, ni ma farkon zuwana Oslo da idon gida nake kallon abin.

A Norway kiɗa ba gado ba ne, kuma ba mai tsayawa ya wasa wani attajiri a yi masa liƙi, mutanen nan ma kunyar yabo suke ji. Ka ɗauki wani mai jita Paul Waaktaar, haifaffen 1961, a Manglerud ya tashi nan gabashin Oslo. Tun suna yara shi da abokinsa Magne Furuholmen suke 'yan kaɗe-kaɗensu, 1982 suka haɗu da Morten Harket suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna a-ha, suka tattara suka tafi Landan aljihu ba nauyi, sun sha wuya ba kaɗan ba, waƙar da ta fito da su ma sai da aka fitar da ita kasuwa har sau uku kafin ta karɓu a 1985 ta zama ta ɗaya a Amurka. 1991 a filin Maracanã na Birazil mutum 198,000 suka biya kuɗi suka shiga kallonsu. Shi Paul ɗin bai cika magana ba, amma yawancin waƙoƙin shi ya rubuta, kuma duk rediyon da ya sa waƙa akwai ƙungiyar TONO da ke karɓar kuɗin ta ba mai ita, ba sai ya durƙusa wa kowa ba.

Doka ce ma a nan, kowace ƙaramar hukuma sai ta yi wa yara makarantar kiɗa da zane, kulturskole suke ce mata, can Abba yake zuwa ran Talata in an tashi boko.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa kuma bakinmu bai zo ɗaya ba, wasu sun hana nasu kwata-kwata saboda addini, ina ganin girmansu. Ni da maman Abba sharaɗi muka gindaya masa, Asabar da Lahadi islamiyya ba fashi, ba shi ba wasa a gidan giya, lokacin salla ya yi a jingine jita. Da hunturu kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe, yaro ɗan shekara 13 in ba abin da hannunsa ke yi ko ya rungumi waya ko ya bi yaran bakin tasha, wannan ne ke hana ni barci Yaya.

Ka faɗa wa Hajiya Abba ya kai izu biyar, in mun zo hutun Yuli in sha Allah zai karanta mata.