Kafson kemis, kwalbar mai lasifika, ko gwajin asibiti?

Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon. Na cire sunayen masu su, kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, gida ɗaya muke da abokiyar zamana. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwon sanyi, ga ruwa mai wari, ga zafin fitsari, wani lokaci har da ciwon mara. Sau uku ina sayen magani a kemis ɗin unguwarmu, sai in ji sauƙi na kwana goma, ya dawo. Yanzu maƙwabciyata ta ce in sayi na gargajiya wurin mai motar nan mai lasifika da ke tsayawa bakin kasuwa, kwalba naira dubu shida. In saya? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙulle dubu shidanki a bakin zane, ki kai su asibiti. Abin da muke kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai gonoriya, akwai kilamidiya, akwai tirikomonas, duk ukun ta saduwa ake ɗauka. Akwai kuma ƙaiƙayin nan mai zuwa da farin abu kamar cuku, wanda mace kan samu ko ba ta taɓa sanin namiji ba, musamman mai ciki, mai ciwon suga, ko wadda ta daɗe tana shan kafson kashe ƙwayoyin cuta. Kowanne da maganinsa. Mai kemis bai duba ki ba, bai aika ki gwaji ba, ya dai ji bayaninki ta taga ya ƙulla miki ƙwayoyi kala uku a leda. Mai lasifika kuwa, kwalbar da zai ba ki ita ce wadda ya ba mai basir ɗazu.

Ɗauki gonoriya kawai. A da fenisilin na kashe ta, daga baya aka koma Cipro, yau ƙwayar cutar ta saba da su duka a wurare da yawa. Allurar ceftriaxone ake dogara da ita yanzu, kilamidiya kuma doxycycline na kwana bakwai, amma ba a ba mai ciki shi. Shan Ampiclox na kwana biyu lallashin ciwo ne kawai. Yana lafawa a waje, yana hawa ciki, har ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Daga nan ake samun ciki a wajen mahaifa, ko haihuwa ta tsaya, a fara zargin sammu.

Sai magana mai nauyi, wadda nake jin ita ce ainihin damuwarki ko da ba ki faɗa ba. In gwaji ya nuna na saduwa ne, ba ke kaɗai ke da shi a gidan ba. Ki sha magani ki warke, ranar girkinki maigida ya dawo miki da shi. Namiji kan yi watanni ɗauke da kilamidiya ko tirikomonas bai ji komai ba, ya rantse da Allah lafiyarsa ƙalau, kuma iya saninsa gaskiya ya faɗa. Dole ku uku ku sha magani lokaci ɗaya, a kuma haƙura da shimfiɗa har kwana bakwai, har kowa ya gama nasa. In kina tsoron buɗe baki, roƙi likita ko nas ta rubuta takarda a kira shi. Maza sun fi jin magana daga mai farin kaya. Kada ki shiga da zargi. Ciwon kan kwanta shiru ya daɗe, yana iya zama tun daga wani aure na baya.

Abu biyu a gurguje. Gonoriya ba a masai ake ɗaukarta ba, ko da yake na san wannan magana ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Sannan in wani ɗakin gwaji ya ba ki takarda an rubuta staph, kada ki bari a sayar miki da allurai goma kafin likita ya gani, don ƙwayar nan tana zaune a fatar masu lafiya ma. In ciwon marar ya haɗu da zazzaɓi, ko kina da ciki, yau za ki tafi, ba gobe ba.

Tambaya: Saura wata biyu ɗaurin aurena. Na taɓa yin kuskure wata shida da suka wuce, na tuba. Na ga ana sayar da abin gwajin ƙanjamau na gida a shagon magani. In saya in yi a ɗakina, ko sai na je asibiti? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya karɓi tuba. Saya, in hakan zai sa ka samu barci. Irin su OraQuick dasashi ake gogawa, a jira minti 20 a karanta. Ka duba lambar hukumar magunguna ta NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Irin wannan gwaji yana iya kasa ganin cutar cikin wata ukun farko bayan ɗauka, amma kai ka wuce wannan iyaka. In layi biyu ya fito, ba hukunci ba ne tukuna, sai asibiti ya sake gwadawa. Ko ya tabbata, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ke shan sa kullum har ƙwayar ta daina fitowa a awon jini ba ya sa wa matarsa.

Sai dai asibitin ba makawa. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, da ya haɗa da ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin jinin sikila, kuma gwajin ɗaka ba ya ba da takarda. Ni ciwon hantar ma ya fi tsaya mini a rai, don ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa kuma mutane ba sa tsoronsa. In ba ka da shi, ku yi rigakafin nau'in B kai da amarya: allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ka ce su haɗa da gwajin tunjere, tunda jini ɗaya za a ɗiba.

Tambaya: Matata tana shan maganin ciwon hanta, likita ya ce mu yi amfani da kwaroron roba har in gama rigakafi. Mai tsada ya fi mai araha kariya ne? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, a'a. Tsadar ta ƙamshi ce da siranta da kwali. Abin dubawa shi ne rajistar hukumar magunguna, ranar lalacewa, da inda aka ajiye shi. Wanda ya wuni a faifan mai talla cikin ranar Afrilu, ko ya yi wata a walat ɗinka kana zama a kai, ya riga ya gaji. Matsa ledar kafin ka yaga, in ba ka ji iska a ciki ba ka jefar. Kada ka haɗa shi da basilin, man kaɗanya ko man kwakwa, don mai yana cin roba cikin 'yan mintuna. Akwai na musamman mai ruwa-ruwa a shagon magani. Kada kuma ka sa biyu don ƙarin tsaro, gugar juna za su yi su yage. In akwai yara a gidan, a kai su gwajin hantar su ma, kuma kowa ya riƙe rezarsa da buroshinsa.