Ɗana Ya Ce Intanet Za Ta Mayar Da Shi Mawaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 17 wuni yake a ɗaki yana rera baituka a waya, wai rap yake yi, zai ɗora a intanet. Mawaƙan da yake sauraro ban taɓa jin ko ɗayansu a rediyo ba. Da gaske ana yin suna ta haka, ko ɓata lokaci yake yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ana yi, ba zan ɓoye miki ba. A 2007 wani yaro a Amurka, Soulja Boy, ya haɗa kiɗansa da kansa a kwamfuta, ya yaɗa ta shafukan intanet na MySpace da YouTube, waƙarsa ta yi mako bakwai a saman jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A lokacin sa'an ɗanki ne. A ƙarshen 2018 kuma Lil Nas X ya sayi kiɗa a intanet kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, TikTok ta ɗauki waƙar, ta yi mako 19 a matsayi na ɗaya. Chance the Rapper ma ya ci babbar kyautar waƙa ta Grammy har uku a 2017 ba tare da yana ƙarƙashin wani kamfanin waƙa ba.

Da, sai kamfani ya yarda da kai, gidan rediyo ya sa waƙarka, sannan duniya ta ji ka. Dandali irin SoundCloud, wanda wasu 'yan Suwidin biyu suka kafa a 2007, shi ya rushe wannan shingen. Matasa suka riƙa haɗuwa gungu-gungu, kowane gungu da salonsa da shigarsa da kalmominsa. Ranar da na fara sauraron nasu na ɗauka lasifika ce ta fashe, ashe da gangan suke barin sautin da kaushi, waƙar ma da ƙyar take wuce minti biyu. Abin da ya riƙe ni shi ne maganarsu: kaɗaici, ƙuncin zuciya, rashin barci. Yara ne ke faɗa wa yara abin da suka kasa faɗa wa manya.

A nan damuwata take. Ɗaukaka na iya faɗo wa yaro cikin mako guda, alhali babu babba ko ɗaya kusa da shi. A cikin mawaƙan da suka yi suna ta intanet, Lil Peep ya rasu a 2017, Juice WRLD a 2019, dukansu suna da shekara 21, dukansu ta dalilin ƙwayoyi. An harbe XXXTentacion a Florida a 2018 yana ɗan shekara 20. Sannan masu samun nasara irin waɗanda na lissafa da farko ƙalilan ne. Mafi yawan masu ɗora waƙa abokansu kaɗai ke saurare.

Don haka ni ba zan ce ki ƙwace wayar ba, ɓoyewa kawai zai koya. Ki ce ya kunna miki mawaƙa uku da ya fi so, ya fassara miki abin da suke cewa, sannan ya rera miki nasa. A baitukansa za ki gane ko wasa da kalmomi yake yi, ko wani abu ke cin sa a rai. Karatu kam ba ya cikin ciniki, ki gaya masa ƙarara. In ya sayi kiɗa a intanet, ku duba ko haya aka ba shi ko mallaka, don sau da yawa mai kiɗan yana sayar wa mutane barkatai. Duk wanda ya turo masa takardar yarjejeniya kuma, kada ya sa hannu sai lauya ya karanta ta a gabanki.