Kawu, a Ingila Mayar da Makulli Ba Ya Raba Mutum da Gidan Haya

Kawu, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Na saurari saƙonka na murya har sau biyu, na kuma ji ɓacin ran da ke cikinsa. Tambayarka ita ce ta yaya za a ce yaro ya kwashe kayansa tun ƙarshen Agusta, ya mayar da makulli, amma a ci gaba da binsa kuɗin gidan da ba ya kwana a ciki. Ka ce ko don an ga baƙo ne. Da zalunci ne da ni zan fara faɗa maka, tunda ni na tsaya masa, kuma gidana aka aiko takardar neman kuɗin. Bari in warware maka yadda abin yake.

Lokacin da ƙanena, wato yaronka, ya kama ɗakin nan a Manchesta, ya sa hannu a yarjejeniyar wata 12, daga 10 ga Janairu 2025, a kan fam 900 duk wata. A tsarin haya na 2025, abin da ke ruɗa mutanenmu idan sun zo shi ne biyan wata-wata. Mutum ya ga ba a karɓi kuɗin shekara a hannunsa ba, sai ya ɗauka wata ɗaya kawai ya kama, in ya ga dama ya ƙara, in bai ga dama ba ya tafi. Alhali shekarar duka ya saya ranar da ya sa hannu, an dai yarda ne ya biya kashi 12. Ko ya kwana a ɗakin ko bai kwana ba, bashin yana wuyansa har 9 ga Janairu 2026. Mai gida ma ba dole ba ne ya yi gaggawar neman wani ɗan haya don ya rage masa asara, yana iya barin ɗakin a rufe yana lissafa kuɗinsa.

Sai dai takardar da ta ɗaure yaronka ta ɗaure mai gidan shi ma. Cikin shekarar nan ba zai wayi gari ya ce ɗansa zai yi aure a tashi a ba shi ɗaki ba, ba zai ƙara kuɗi yadda ya ga dama ba. In ya kuskura ya canza makulli ko ya fitar da kayan ɗan haya waje, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, bisa wata doka ta 1977. Ko notis ɗin tashi na wata biyu da mai gida ke iya bayarwa a 2025, wanda ake kira sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988, ba kora ba ce. In ɗan haya bai tashi ba, sai mai gida ya je kotu, kotu ta yi hukunci, ma'aikatan kotu su zo. Mu da muka daɗe mun ci moriyar wannan kariyar, shi ya sa ba ma saurin zagin tsarin.

To akwai ƙofar fita, in an rubuta ta. Wani sharaɗi ne da ake sakawa cikin yarjejeniya, mu a nan burek kulos muke ce masa, yadda masu ƙasar ke faɗa. Shi ke ba ɗan haya, galibi har da mai gida, damar yanke yarjejeniya kafin wa'adinta ya cika. Ba kowace takarda ke da shi ba, doka ba ta tilasta a saka ba, roƙo ake yi tun kafin a sa hannu. Ta yaronka tana da shi, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. An rubuta cewa bayan wata shida yana iya fita in ya ba da notis na wata biyu a rubuce, zuwa adireshin ofishin dillalin. Da ya samu aiki a wani gari cikin Agusta, sai ya buga wa dillalin waya. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta taya shi murna, ta ce ba damuwa. Shi kuma ya ɗauka an gama magana, don a tarbiyyar da aka yi mana in ka sanar da mutum baki da baki ya ce to, ka fita haƙƙinsa. Ya jefa makulli ta ramin wasiƙa na ƙofar ofishin, ya kama hanya. A idon doka bai ba da notis ba, bai kuma bar gidan ba, domin mayar da makulli ba ya yanke yarjejeniya sai mai gida ya amince da hakan.

Kada ka ga kamar ƙaramin abu ne ake kumbura shi. Har manyan kamfanoni da lauyoyinsu suna faɗawa wannan ramin. A 1997 an yi wata shahararriyar shari'a a kotun ƙoli ta lokacin, tsakanin kamfanin Mannai da kamfanin inshora na Eagle Star, kan hayar ofis a Landan. Masu hayar sun rubuta 12 ga Janairu a notis ɗinsu alhali 13 ga wata ya kamata su rubuta. Kan kwana ɗaya aka yi ta shari'a har sama. Sun tsira da ƙyar, don alƙalai uku cikin biyar sun ce duk mai hankalin da ya karɓi takardar ya san abin da ake nufi. Amma a cikin hukuncin ɗaya daga cikinsu, Lod Hofman, ya yi wata magana da har yau ake maimaitawa: da sharaɗin ya ce a rubuta notis a shuɗiyar takarda, to wanda ya rubuta a takarda mai ruwan hoda bai yi komai ba, komai fitowar manufarsa fili. Ina ba sababbin zuwa wannan labarin, don yana zama a kai fiye da dogon wa'azi.

Kuma sharuɗɗan ba iri ɗaya ba ne, a nan ake yawan tuntuɓe. Wata takardar za ta ba ka damar miƙa notis a wata na huɗu ka fita daidai cikar wata shida. Wata kuma ta ce ba za ka miƙa ba sai wata shida sun cika, ka ga a zahiri wata takwas ke nan. Akwai mai tsaurin da ta buɗe ƙofar rana ɗaya tak, in ta wuce ka sai ƙarshen shekara. Wata ta yarda da imel, wata ta ce sai wasiƙa, har ta faɗi bayan kwana nawa za a ɗauka wasiƙar ta isa. In mutum uku suka haɗu suka kama gida da takarda ɗaya, kamar yadda ɗalibanmu ke yi, ɗaya ba zai iya amfani da ƙofar shi kaɗai ba, sai duka ukun sun yarda. In ɗaya ya gudu, mai gida yana iya bin sauran biyun kuɗin gidan gaba ɗaya. Na ga abokantakar da ta faro tun firamare ta mutu a kan wannan.

Saboda irin haka ne muka yi wa kanmu al'ada. Duk wanda zai kama gida, kafin ya sa hannu yana turo takardar wa biyu ko uku daga cikin waɗanda suka daɗe. Yaran suna duba girman falo da nisan tashar bas, mu kuma shafin fita muke fara buɗewa, tun ran gini tun ran zane. In lokacin tashi ya yi, a rubuta notis da kwanan wata, a aika ta hanyar da takardar ta ce, a karɓi shaidar aikawa a gidan waya, wadda kyauta ake bayarwa, a ƙara kwana biyu ko uku a kan lissafi don gudun gardama. Wanda abin ya fi ƙarfinmu mu tura shi Shelter ko Citizens Advice, ƙungiyoyi ne da ke ba da shawara ba tare da karɓar ko sisi ba. Ni na karanta takardar yaronka a Janairu, na nuna masa wurin da yatsa. Laifina shi ne ban sake tuna masa ba da na ji zancen sabon aikin.

Tsayawa wa mutum kuwa, wato zama garanto, shi ne abin da ya fi haddasa ƙorafi tsakaninmu da 'yan'uwa na gida. Za ka ji ana cewa wane ya yi shekara 20 a Ingila amma ya ƙi sa wa ɗan ɗan'uwansa hannu. Kawu, ba rowa ba ce. Sa hannun nan yana nufin in yaro bai biya ba kai za ka biya, in kuma aka kai kotu aka yi hukunci ba a biya cikin wata guda ba, sunanka zai zauna a rajistar masu bashi shekara shida. A ƙasar da ko layin waya na kwantiragi sai an duba tarihin bashinka, wannan ba wasa ba ne.

Ga yadda muka ƙare. Da takardar ta iso ni a Oktoba, na sa cigiya a zaurenmu na WhatsApp, cikin mako guda aka samu wani ma'aikacin jinya da ke neman ɗaki. Dillalin ya tantance shi, mai gida ya amince a rubuce cewa ya saki yaronka daga 10 ga Nuwamba. An biya kuɗin Satumba da Oktoba, fam 1,800, da fam 50 na canjin takarda. Kuɗin ajiyarsa fam 1,038 ne, hayar mako biyar, iyakar abin da dokar 2019 ta yarda a karɓa a irin wannan gidan. Kuɗin ba a aljihun mai gida suke ba, doka ta ce a saka su a ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Da yardar yaronka aka sake su wa mai gidan, shi kuma yaron ya cika fam 812. Da ya rubuta layi uku ranar da ya buga wayar nan, da ya rage hayar wata guda. Da kuma ba a samu madadinsa ba, fam 3,600 ne za su hau kanmu.

Abin dariyar shi ne tsarin da ya cije shi, a shekarar ma aka yanke masa ranar shuɗewa. Ranar 27 ga Oktoba 2025 Sarki ya amince da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, gwamnati kuma ta sa 1 ga Mayu 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita a Ingila. A sabuwar dokar, hayar gidajen zama ta yau da kullum wata-wata ce ba wa'adi, ɗan haya ya ba da notis na wata biyu ya tafi duk lokacin da ya so, sashe na 21 ya tafi, mai gida sai da dalilin da doka ta lissafa. Sikotilan ta riga ta yi irin wannan tun Disamba 2017, a can kwana 28 ɗan haya ke bayarwa. Amma masu hayar shago da ofis suna nan da tsohon tsarinsu, kuma notis ɗin wata biyun ma a rubuce dokar ta ce a bayar.

Batun kuɗin da ka ce za ka sayar da wani abu ka aiko, don Allah ka bari. Ni na ranta masa fam 812 ɗin, yana mayar mini kaɗan-kaɗan daga albashinsa, gara ya ji a jikinsa. Takardar sabon ɗakinsa tana wajena, na sa ranakun a wayata da tasa. A gaida Gwaggo da yara.